Ɗan Kaɗan Ɗin Kowa

"Goma sha tara!"

Mama ce ta karanto lambar da ƙarfi, ta ɗaga 'yar na'urar gwajin suga don kowa ya gani, kamar wadda ta kama ɓarawo da kaya a hannu. Baba Direba yana jingine a doguwar kujerar falo, ya sa auduga ya danne yatsan da aka huda, ƙafarsa ta hagu tana naɗe da bandeji a kan matashi.

"Shekaranjiya sha bakwai, jiya sha takwas, yau sha tara. To Likitar Ganye, gobe kuma nawa za ki kai mana shi?"

Amarya ta sunkuyar da kai. Watanta bakwai a gidan, har yanzu da Amarya ake kiranta, in ban da surukarta da ta laƙaba mata Likitar Ganye, kuma ba don yabo ba. A babban asibiti take aiki, ita ke tsara wa masu ciwon suga da hawan jini abin da za su ci. Tun tana 'yar shekara goma sha biyu ta ƙudurce wannan aiki a ranta, ranar da aka dawo da mahaifiyarta gida da ƙafa ɗaya. Ba ta yarda da abincin gwangwani mai tsada ba. Kullum maganarta ɗaya ce, abin da jiki yake nema yana nan a kasuwar bayan gida, wake ne da gero da kuɓewa da ɗanyen ganye. Har a bayan kicin ta jera tsofaffin bokitai tana shuka alayyahu.

"Mama, abincin da nake ba shi ba zai ɗaga suga haka ba. Kuma yana shan maganinsa a kan lokaci. Akwai dai abin da..."

"Akwai me? Mutumin da ya shekara talatin da biyar yana jan babbar mota, ki mai da shi akuya! Ganye da safe, ganye da rana. Dubi wuyansa don Allah!"

Abin da ya hana kowa sukuni shi ne maganar da likita ya yi ranar Litinin, da ya kwance gyambon ya duba. Kwana goma ya bayar. In sugan bai sauka ba ciwon ba zai kama hanyar warkewa ba, kuma sai an yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Yau saura shida.

Mama ta juya wajen ɗanta, wanda kowa ke kira Injiniya saboda gyaran janareto da yake yi. Yana tsaye a bakin ƙofa da jakar kayan aikinsa a kafaɗa.

"Kai kuma ka yi tsaye kamar an dasa ka! To ka ji da kyau. Daga gobe ni zan ciyar da mijina. Ita kuwa ta je gidansu ta huta, sai mun ga abin da Allah zai yi. In aka yanke ƙafar nan da abincinta a cikinsa, wallahi ba ni ba ita har abada!"

Amarya ta ɗago ido ta dubi mijinta. Kalma ɗaya kawai take jira. Shi kuwa sai ya duba agogo.

Da suka shiga ɗakinsu ta jingina da ƙofa, hawayen da ta riƙe suka zubo.

"Ko sau ɗaya ba za ka buɗe baki ba?"

"Mahaifiyata ce fa. Me kike so in ce mata?"

"Ka ce ka san ni! Kai ne fa ka zo gyaran injin asibitinmu na tarar da kai da kwalaben lemo uku a gabanka, na yi maka tas. Ka ce macen da za ta yi faɗa a kan lafiyar baƙo ita za ka kai wa iyayenka. Yau ga ni a wajen iyayen naka."

Ya kasa haɗa ido da ita. "Ki yi haƙuri, kwana biyu ne kawai. In hankalinta ya kwanta ni da kaina zan je in ɗauko ki."

"Ƙafar Baba fa? Ita ma kwana biyun za ta jira?"

Ya saɓa jakarsa ya fita. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, fiye da duk maganganun Mama.

Haka ta tafi aiki da kumburarrun idanu. Ofishinta ɗan ƙaramin ɗaki ne a ƙarshen baranda, da sikeli a bakin ƙofa, da wani faffaɗan tiren silba a kan tebur. Da tiren take aiki. Ba ta tambayar mara lafiya ko yana kiyaye doka, don kowa zai ce yana kiyayewa. Cewa take a zo da irin abin da aka ci jiya, a ɗora a kai, a gani da ido. A ranar nan, wata tsohuwa ce a gabanta tana rantsuwa ba ta taɓa komai ba sai abin da aka rubuta mata. Da 'ya'yanta mata biyu suka buɗe jakunkunansu, ta farko ta fito da alawa, ta biyu ta fito da biskit, sai suka tsaya suna kallon juna baki buɗe.

Amarya ta tsaya cak tana kallon alawar. Ta tuna da safe da take gyara wa Baba matashi ta ga jerin kiyashi suna hawa kujerar, har cikin aljihun rigarsa. Ruwa ba ya tsami banza. Da aka tashi aiki ta sa tiren a cikin leda ta tafi da shi gida.

Bayan la'asar kowa yana falo. Akwatinta yana bakin ƙofa, ta riga ta haɗa. Ta durƙusa a gaban surukarta.

"Mama, na ji umarninki, kuma zan tafi. Alfarma ɗaya nake roƙo kafin in fita."

"Ina jin ki."

Ta ajiye tiren a tsakiyar falo. Ta shiga kicin ta kawo irin abin da ta ba Baba jiya, ɗan kwanon wake da ganye, da kifi, da gero dafaffe, ta jera a gefe ɗaya.

"Wannan shi ne nawa. Duk wanda ya ba Baba wani abu jiya, komai ƙanƙantarsa, don Allah ya kawo irinsa ya ɗora a nan. Ba faɗa zan yi ba. So nake mu ga cikin Baba da idonmu."

Baba Direba ya soma gyaran hula ba dalili.

Mama ce ta fara miƙewa, a fusace. "Ni ba na ɓoye-ɓoye!" Ta dawo da babban kofin shayi da gwangwanin madara mai zaƙi da rabin burodi, ta dangwarar. "Da kin fita aiki nake ba shi, don kada yunwa ta kashe mini shi. Kofi ɗaya tak! Ɗan wannan ne zai yanke ƙafa?"

Auta, ƙanwar Injiniya da ke jami'a, ta soma murza yatsu. Ta shiga ɗaki sumui-sumui ta fito da kwalin jus da ƙunshin biskit.

"Anti, sori... wallahi an rubuta a jiki na 'ya'yan itace ne zalla. Tausayi yake ba ni in na dawo lakca. Na ɗauka ni kaɗai ce."

"Ke ma?" in ji Mama, muryarta ta sauka.

Amarya ta dubi tiren, ta girgiza kai a hankali. "Da sauran abu. Akwai mai danƙo, wanda kiyashi ke bi har aljihu. Baba?"

Tsohon ya ɗaga ido ya dubi ɗansa, ya sake sunkuyarwa.

Injiniya ya daɗe a tsaye, gumi yana tsattsafo masa a goshi. Can ya zuge jakar kayan aikinsa, ya tura hannu ƙarƙashin sifanu da waya, ya zaro kwalbar zuma da ta kusa ƙarewa. Ya ɗora ta a kan tiren.

"Cokali uku da safe, uku da yamma," ya faɗa da ƙyar. "Cewa aka yi magani ce, tana warkar da gyambo. Ban ɗauke ta a suga ba."

"Innalillahi!" Mama ta dafe ƙirji ta zauna daɓas.

Tiren ya cika har ba wurin ajiye cokali, kwanon Amarya ya koma ɗan mitsitsi a gefe. Baba Direba ya yi ajiyar zuciya.

"Kowa ya zo sai ya ce, Baba ga ɗan kaɗan, kada ka gaya wa kowa. Matata ce, 'ya'yana ne. Ni kuma ban iya mai da hannun kyauta baya ba. Yarinyar nan kaɗai ce ba ta taɓa ba ni abu a ɓoye ba, ita kuma aka haɗa wa akwati."

Amarya ba ta kalli kowa ba sai mijinta. "Tun yaushe ka fara zargin zumar?"

"Tun... tun ranar Litinin."

"Ka sani ke nan da safe, lokacin da kake duba agogo."

"Tsoro na ji. Na kasa cewa ni ne."

Ta share hawaye da gefen mayafi. Zuciyarta tana ce mata ta ɗauki akwatin nan ta tafi, kuma da ta tafi ba mai ganin laifinta. Sai idonta ya sauka a kan bandejin, ta tuna ƙarar sandar mahaifiyarta a tsakar gida. Ta ja akwatin ta mayar da shi bayan ƙofa.

"Saura kwana shida. Maganata da kai sai bayan nan." Ta juya ta sake durƙusawa. "Mama, Baba ba ya jin daɗin girkina, na sani. Hannunki ya saba da shi shekara arba'in. Ni na san awo, ke kin san ɗanɗano. Ki koya mini yadda mahaifiyarki take sarrafa gero da ganye tun kafin a san madarar gwangwani. Ke za ki dafa, ni in auna."

Mama ta ƙura mata ido. Daga bisani ta ce, "Tashi. Ba a zuba kuɓewa tun farko, shi ya sa taki take mutuwa a tukunya."

Kwanakin nan shida ba wanda ya yi numfashi mai daɗi a gidan. Washegari lambar ta nuna sha shida. Ta sauko sha uku, ta maƙale a nan kwana biyu har Mama ta fashe da kuka a kicin. Auta ta koma mai rubuta lamba a jikin kalanda. Injiniya shi ke zuwa kasuwa da sassafe ya zaɓo ganye mai raɓa, ya dawo ya ajiye, ba ya samun ko kallo daga matarsa. Ranar ƙarshe na'urar ta nuna takwas.

A asibiti likita ya kwance bandejin, ya daɗe yana dannawa yana dubawa, su kuwa sun yi cirko-cirko a bayansa.

"Ƙaramin yatsan nan ya riga ya mutu, sai an cire shi," in ji likita. "Amma ƙafa ta tsira. Me kuka canza?"

"Mu muka canza," in ji Mama, tana kuka tana dariya.

A barandar asibitin, gaban mahaifiyarsa da ƙanwarsa da masu wucewa, Injiniya ya tsaya a gaban matarsa.

"Mama, ki shaida. Ranar da ya kamata in yi magana na yi shiru, na bar ta da laifina. Yatsan nan na Baba a wuyana yake." Ya dubi Amarya, idonsa ya cika. "Ki yafe mini."

"Na yafe. Amma daga yau in ka ji tsoro, ka ji shi a gabana, kada ka ɓoye shi a jakar sifanu."

Mama ta kamo hannunta ta riƙe gam. "Likitar Ganye," ta ce, kuma a wannan karon har Auta ta ji bambancin yadda ta faɗe shi.

Bayan wata biyu Baba Direba ya taka da ƙafarsa har kasuwar bayan gida, yana ɗingishi kaɗan, yana yi wa masu ganye ciniki kamar zai yi faɗa. Tiren nan kuwa Mama ta hana a mayar da shi asibiti, sai da Amarya ta sayi wani. Yana nan a falo, duk mai son ba Baba wani abu sai ya ɗora a kai kowa ya gani.

Ku da kuke da mara lafiya a gida, ku ji tsoron ɗan kaɗan ɗin da ake bayarwa a ɓoye da sunan tausayi, don naka da nawa da nata ne suke taruwa su ci ƙafa. Wanda yake son ka da gaske yakan hana ka a fili, ya haƙura da zagin da zai sha. Kuma duk mijin da ya ga ana zaluntar matarsa a kan laifinsa, ya buɗe baki tun akwati bai kai bakin ƙofa ba, don ba kowace mace ce za ta mayar da shi bayan ƙofa ba.