Fijon Hajiya Iyatu

Ana sallame La'asar Jatau ya faɗo tsakiyar hanyar Shinkafi zuwa Kaura Namoda, fuska naɗe da rawani, bindigar toka a hannu. Wata mota Fijo ta ja birki — ƙiiii! Namadi, abokin sana'arsa, ya finciko direba. Mai motar, Hajiya Iyatu mai man gyaɗa, ta fito da kanta tana ja musu Allah ya isa. Namadi ya ja motar, Jatau ya bi shi a kan babur.

Ba su yi nisa ba motar ta mutu. Da turi suka kai ta wani kangon gida bayan Gurbin Bore.

A shekarar nan aka ƙaddamar da Shari'a a Zamfara, duk dillalin da Jatau ya yi wa tayin mota ba takarda sai ya dubi hannunsa na dama ya ce yana da uzuri. Namadi, wanda ya taɓa zaman gareji, ya kawo shawara: a kwance ta, a sayar guntu-guntu, gida-gida. Jatau bai san bambancin kafireto da lagireto ba, ya amince.

Kasuwa ta buɗe. Wani direba ya ɗauki giyabos. Mai amalanke ya kwashi tayoyi. Wani ango ya sayi madubi don amarya. Namadi ya yi suna, har ana yi masa sallama da Alhajin Sifiya. Abin da ya ɓata wa Jatau rai ke nan: shi ya riƙe bindiga, wani ake gaisarwa.

Sati uku Hajiya Iyatu tana sintiri wurin Saje Halilu, ɗan sandan da aka ba binciken. Ranar kasuwar Zurmi gajiya ta zaunar da ita a rumfar mai shayi. Kujerar ta yi mata laushin da ta sani. Ta sunkuya ta shinshina — man gyaɗarta ne.

"Malam, ina ka samo wagga kujera?"

Mai shayi ya ce ai Alhajin Sifiya ne, mutumin kirki, har ragi ya yi masa. Ya kwatanta mata kangon tiryan-tiryan.

Washegari da hantsi Jatau yana shan fura a kangon, shi kaɗai. Namadi ya fita tun safe, wai zai kai wa wani injin. Sai ga ƙarar mota. Ya leƙa ta katanga: 'yan sanda huɗu, Hajiya a gaba tana nuni da lema.

Ya watsar da ƙwarya, ya haye babur. Ya kai ƙafa zai buga — ba abin bugawa! Ya tura shi a guje, ya yi tsalle ya hau. Shiru. Ya duba ƙasa: ba sarƙa, ba filogi, tankin ma da igiya aka ɗaure shi. Ban da injin, kayan Fijo sun ƙare tun shekaranjiya, masu saye ba su daina zuwa ba, Namadi kuwa ba ya son mayar da mutum hannu wofi.

Saje Halilu ya same shi zaune, riƙe da kan babur ɗin, yana ta tura ƙasa da ƙafafu.

"Ina zuwa haka, maigida?"

"Ranka shi daɗe," in ji Jatau, "ni ma fashi anka yi min."

An ce an ga Namadi ya tsallaka Nijar da injin a bayan raƙumi. Jatau ya yi wata biyu a tsare yana kwana da hannunsa cikin riga, kafin alƙali ya yanke masa shekara bakwai. Da ya ji hukuncin sai da ya yi godiya. Hajiya Iyatu kuwa, abin da aka iya tattaro mata ƙofa uku ne, da sitiyari, da kujerar baya. A amalanken shanu aka kai su Shinkafi, tana zaune a kan kujerar, sitiyari a cinya, ba ta amsa gaisuwar kowa ba.