Kashen Lawal

Mutanen Zongo suna cewa Lawal hauka ya yi. Gaskiya ne, sai dai daga wutsiya suka kama labarin. Ni na san kansa, domin Lawal ƙanin matata ne, kuma da bakinsa ya faɗa mini, a ranar da faɗin ba shi da sauran amfani.

Shi ne mai sayar da tike a ƙaramin asibitin unguwarmu. Yana zaune bayan taga, ya karɓi dala ɗari, wato sefa ɗari biyar, ya buga hatimi a katin mara lafiya. Sunan hatimin daga Faransanci muka aro, harshenmu ya lanƙwasa shi ya koma "kashe". Shekara da shekaru muna cewa, "Je Lawal ya buga maka kashe," ba wanda ya saurari abin da bakinsa ke faɗi.

Kuɗin da ake turo wa asibitin daga sama ya yi ta ƙanƙancewa. Auduga sai daga tike, wutar firjin allurar rigakafi daga tike, albashin Lawal ma daga tike. Wata huɗu ba a biya shi ba. Kuɗi na wucewa ta hannunsa, gidansa ana jiƙa garin rogo, abokan tasowarsa suna kwance dilolin gwanjo a kasuwar Missèbo.

Wata Talata da rana tsaka ya hau babur zuwa bayan unguwar Agla, inda gidaje ke ƙarewa fadama ta fara. Ɗakin bokan sai an sunkuya ake shiga. A tsakiya akwai tudun laka mai siffar mutum, idanunsa wuri, bakinsa a wangame, manja da gashin kaza sun daskare a kansa. Kwaɗuna a kulle suna reto daga rufi, ba makulli ko ɗaya.

"Me ka zo da shi?" in ji bokan.

"Ba ni da komai, Baba."

"Wanda ba shi da komai ba ya gane hanyar nan. Me hannunka ke taɓawa kullum?"

Lawal ya zaro kashen daga aljihu. Bokan ya tsaga masa yatsa, ya ɗiga jinin a kan robar hatimin, ya cusa kashen cikin bakin gunkin. Da ya fito da shi, da ɗumi ya fito.

"Kowane bugu, arziki zai tsiro maka inda ba ka shuka ba. Amma ba ya buguwa kyauta. In ba a biya shi da kuɗi ba, shi zai zaɓi abin biya."

"Ni fa ban yarda da jinin kowa ba."

"Na ambaci jini? Ka karɓi kuɗin tike. Ba aikinka ke nan ba?"

Lawal ya fito yana murna, wai bai taɓa jin sharaɗi mai araha irin wannan ba.

Kafin shekara ta zagayo ya yi shago uku a Missèbo, ya fara ɗora bene a unguwar Vêdoko. Kujerar bayan taga kuwa bai bar ta ba, har mutane suna yaba masa sauƙin kai. Da can yakan ɗaga wa tsohuwa ƙafa, ko uwar da ta zo da yaro jiki zafi hannu babu. Yanzu sai su juya. Waɗansu ba su sake dawowa ba. Shi kuma yana gaya wa kansa ceton su yake yi.

Abu ɗaya ya manta. A bangon asibitin akwai takarda da ta ce iyalan ma'aikata da 'yan'uwansu na ciki ɗaya ba sa biyan tike. Ranar da ya tafi duba magina, matarsa Yalwa ta kawo 'yarsu Nadjoua da mura. Shugabar asibitin, wadda muke ce wa Majo, ta buɗe durowarsa ta buga wa yarinyar kashe, ta buga wa uwar ma saboda ciwon kai. Kirki ta yi. Bayan kwana uku aka binne Nadjoua. Yalwa kuwa har yau tana gidansu a ɗaure, tana yi wa filo tawai.

Mai hankali da ya jefa abin nan a teku. Lawal ya ce ai kuskure ne aka yi, benen kuma saura rufi.

Bayan wata biyar na raka matata Karimatou awon jini. Ta miƙa katinta ta taga.

"Yaya, dala ɗari," in ji Lawal.

Ta yi dariya. "Auta, ni? Ni da ka yi wa fitsari a baya?"

"Ki biya dai, Yaya."

Na nuna masa takardar bango, na karanta masa ita layi layi, da Faransancin da nake taƙama da shi.

"Malam, don Allah ka biya." Goshinsa duk gumi. "Ko in ba ka, ka miƙo mini."

"Ba maganar kuɗi ba ce, maganar ƙa'ida ce," na ce. "Mai bene ya rasa wanda zai tatsa sai wadda ta goya shi?"

Majo ta ji hayaniya ta fito. "Lawal, ba ka da kunya?" Ta fizge kashen daga hannunsa ta buga. Ya zauna a ƙasa ya dafe kai. Karimatou ta ce, "Ka gani, ka sa yaron ya ji kunya."

Ranar Juma'a ta faɗi tana shanya. Da la'asar muka kai ta makwancinta.

A daren uku, bayan masu gaisuwa sun watse, Lawal ya durƙusa gabana ya faɗi komai. Daga nan shagunan suka ƙone, benen ya tsaya ciyawa ta cinye shi. Yanzu yana zaune a bakin titi, yana naushin tafin hannunsa kamar mai buga kashe, yana roƙon duk mai wucewa ya biya.

Kai mai jin talauci ya ishe ka, kana neman gajeriyar hanya, ka sani boka ba ya tsawwala farashi a baki. Abin da ya fi sauƙi zai nema, sannan ya bar masu ƙaunarka su biya sauran. Kai kuma mai ilimi, in ɗan'uwa ya roƙe ka yana gumi, ka rufe littafin ƙa'ida. Ranar nan kuɗin suna aljihuna, har da canji.