Hoton Mijin Rahab

Ni dai na ce wa maƙwabciyata Rahab ta bari Ayuba mai zane ya zana mata marigayi mijinta, tunda ya san fuskar. Ta ƙi, wai na'urar da ke ƙirƙiro hoto a waya ta fi sauri. Hoto ya fito sumul, ba tsagar gado a kumatu, ga yatsu shida a hannu ɗaya. Har bakin rijiya na kai labarin.

Jiya da almuru ina dawowa daga gona ta hanyar garin Ƙarfi, wani ya tare ni. Ba ƙura a ƙafarsa, ba warin zufa.

"Iya, ina ne gidan Rahab?"

Na nuna masa. Ya ɗaga hannu yana godiya. Ko tsoro ban ji ba, na tsaya kawai ina ƙirga yatsun, har na kai shida.