Hoton Bakin Rijiya

Ana dab da kiran magariba, mai ɗinki tana kwashe shanya, dutsen farko ya faɗo kan rufin kwano. Ta leƙa waje, ba kowa. Na biyu ya dira a gabanta, jiƙe sharkaf.

Kwana shida ana wannan jifa. A na bakwai 'yarta guda tilo, wadda ta haifa wa mijinta na fari kafin ya rasu, ta zauna a bakin ƙofa, idanu a kafe, ta yi magana da muryar tsoho.

"A sako mini matata."

Mijin mai ɗinki na yanzu, direba, ya ɗauko malam. Malam ya yi ta karatu har gidan ya yi tsit, sannan ya tambayi aljanin, "Wa ya riƙe maka mata?"

Yarinyar ta nuna uwarta. "Tana wanka a bayan rijiya wannan ta ɗauke ta a hoto. Na yi haƙuri don ta ɓoye. Makon jiya ta kai wayar gyara, ta ba da lambar sirri. Mai gyara ya buɗe, har da kiran abokinsa."

Mai ɗinki ta ɗauko wayarta. Hoto ɗaya ne a maɓoyar wayar: marigayi yana dariya a bakin rijiya, kuma shi kaɗai ya rage mata. Ta kulle shi tun ranar da ta sake aure, bayan ta rantse wa direba ba ta ajiye komai ba. Kunya ta hana ta ɗaga kai.

"Yarinya ba ta yi maka laifi ba," in ji malam. "Fita."

"A goge, har na kwandon shara. Sai in fita."

Direba ya yi gyaran murya. "Ai na daɗe da ganinsa. Da ranar rasuwarsa kika kulle, wa bai san ranar ba a gidan nan? Amma bari yarinya ta ga ubanta tukuna."

Wayyo! Shekara tara ba ta nuna mata ba. Ta juya mata wayar, sai dai idanun da suka kalla ba na 'yarta ba ne.

Ta goge. Ta shiga kwandon sharar wayar, ta sake gogewa.

Yarinyar ta yi atishawa sau uku, ta dubi uwarta da ke kuka.

"Umma, me kika goge?"