Layin da Na Bari a Buɗe

Akwai ɓarawon da ya sace mini dodo. Ya san kansa, ba sai na kira suna ba. Yau har tafi ake masa.

Ni na zana dodannin bugun farko na wasan nan da ake kewaye tebur, a jefa ɗan ludo, mai ba da labari ya buɗe littafi ya sako wa 'yan wasa dodo. Guda arba'in da biyu, da biro, ni da ban taɓa zama ajin zane ba. Da aka tashi bugu na biyu sai mai kamfani ya ɗauko wani mai digiri da kwamfutarsa. Ni kuma aka ce in je maɗaba'a in kwashe tsoffin takarduna.

Na isa rana na faɗuwa, ma'aikata sun tashi. Inji ɗaya ke ta ƙaƙat-ƙaƙat a ciki, warin tawada ya cika ɗakin. Mai Digiri na zaune, ya shimfiɗa littafina kusa da nasa.

"Baba, zo ka ga yadda aka yi wa 'ya'yanka wanka."

"Yaro, wankan da ya saɓule fata ai ƙuna ne."

Na leƙa. Kurata mai kai biyu, a wajena kamar karen da ruwa ya daka. A wajensa sai ka ja da baya kada ta hura maka wari. Ya fi ni. To, na faɗa.

Sai ya buɗe shafi na talatin da ɗaya. Dogo.

Dogo ba daga kaina ya fito ba. Ina saurayi na gan shi ƙarƙashin matakalar gidan da muke haya, ya ba ni baya, wuyansa a lanƙwashe don siminti ya tare shi. Haka na zana shi. Amma a diddigensa na hagu na bar layin a buɗe, ɗan tsinin allura. Kakata ce ta ce, abin da ba naka ba kada ka gama masa jiki, bar masa ƙofar fita.

"Dubi ganda," in ji Mai Digiri. "Layi a buɗe. Ina zuba kala ta malale shafin duka. Na rufe maka."

Na buɗe baki zan gaya masa. Idona ya sake faɗawa kan kurar nan tasa. Na haɗiye maganata.

Inji ya tsaya.

Ba wanda ya taɓa shi.

Warin tawada ya ɗauke. Wani ya maye gurbinsa, warin jiƙaƙƙen siminti da tsohon tsumma. Shekara talatin, hancina bai manta ba.

Takardun da ke jibge a bayanmu suka fara zamewa. Ɗaya. Ɗaya.

"Baba," ya ce a hankali, "kai ne?"

Wani abu na gogar silin, kamar ana jan buhu.

Sai taku. Ƙafar dama shiru. Ta hagu, tim. Sabon diddige, mai nauyi.

Murya ta sauko daga saman kaina, kamar iska ta ramin makulli.

"Wa ya gama ni?"

Ku ji wautar ɗan Adam. Sai kawai bakina ya ce, "Ni na fara zana ka."

Yatsu suka kama wuyan hannuna na dama. Sanyi har ɓargo. Aka ɗaga hannun, aka sansana.

"Wannan ne ya bar ni ina yoyo."

Aka yar.

Na ji kujerar Mai Digiri ta yi ƙara, ana juya ta a hankali.

Ban waiga ba. Na yi karo da ƙofa, na faɗi a titi, na tashi da takalmi ɗaya.

Tun ranar yatsuna uku ba sa jin biro. Shi kuwa Mai Digiri washegari ya zo aiki garau, sai dai ya daina dariya, kuma duk ɗakin da ya shiga yana sunkuyar da kai, ko silin ya kai ina. Zanensa? Kada ma a yi magana. Bugu na uku ya fito, mutane na cewa ba su iya barin littafin a buɗe a ɗaki.

Matata ta ce in gode wa Allah ni aka yar. Na gode. Amma ni na fara ganin Dogo, ni na goya shi shekara talatin a ƙirjina, ya sansana hannuna ya wuce wajen yaron jiya.

Ka ce hassada ce ke sa ni surutu. Da ita, ban musa ba. Amma ɗauko bugu na uku, ka bi dodannin nan arba'in da biyu, da kura da maciji da wanda ma ba shi da ƙafa a bugun farko. Dubi ƙasan kowanne, ta hagu. In ba diddigen nan ɗaya na Dogo ka gani ba, zo ka ƙaryata ni.