Muryar Umma a Zauren Taro

"Muryar wa kika saka musu?"

Ko gaisuwa babu. A bakin zauren taro Injiniya ya tare Malama, tana rungume da kwamfutarta, tafin da aka yi mata bai gama fita daga kunnenta ba.

"Ɗaya daga cikin matan da na yi hira da su ce. Ka san ba ma faɗin suna..."

"Malama! Ni za ki ɓoye wa muryar uwata?"

Ta ƙara ƙanƙame kwamfutarta.

Digiri na biyu take yi a fannin nazarin al'umma da ci gaba. Bincikenta a kan mutanen bakin kogi ne, waɗanda aka tasa saboda ambaliya aka mayar da su sababbin gidaje. Shi ya zana gidajen, shi kuma za ta aura da zarar ta kammala. Mahaifiyarsa tana cikin waɗanda aka tasa.

Duk abin da aka koya mata na rufa asirin mai ba da bayani ta yi: ta canja suna, ta canja shekaru, ta cire unguwa. Sai muryar kawai ta bari, don ta ga ta fi rubutu shiga zuciya. Ina ta san zai baro aiki ya yi mata zuwan ba-zata, ya zauna can baya?

Da kunnensa ya ji Umma tana cewa, "Gidan ba laifi, amma an sa kowa ya juya wa maƙwabcinsa baya. Da ko tari na yi sai an leƙo. Yanzu in na mutu a ɗaki, sai dai wari ya sanar. Ban taɓa gaya wa ɗana ba."

"Masoyi, don Allah ka saurare ni..."

"Kullum na tambaye ta, Alhamdu lillahi take ce min! Ashe ke ake wa kukan? Ke kuma kika ɗauka kika kai kasuwa, Farfesa yana gyaɗa kai!"

"Alƙawari na yi mata ba wanda zai sani."

"To ga shi kin cika!"

Maganar ta soke ta, don gaskiya ce. Hawaye ya zubo mata. Ba fushinsa ne ya fi ba ta tsoro ba. Matar da ta yarda da ita, ta kira ta 'yata, da wane ido za ta kalle ta?

"Kai ni wurinta," ta ce. "Gara ta ji daga bakina."

Ya ɗauke ta a mota har unguwar su Umma. Layin shiru, gidaje reras, kowanne da doguwar katangarsa. Umma tana falo tana ninke kaya, rediyo yana ta surutu shi kaɗai.

Malama ta durƙusa ta faɗi komai.

Umma ta ajiye kayan da take ninkewa.

"Na ce miki tsakaninmu ne."

"Kin ce, Umma. Na yi kuskure."

"Ba kuskure ba ne, cin amana ne. Ki kira abu da sunansa, ke da kike karatun mutane."

Injiniya ya gyara tsayuwa. "Kin ji ko? Ni dai maganar auren nan..."

"Kai kuma rufe min baki!" Umma ta juyo kansa. "Aure yana nan daram. Laifinta tsakanina da ita ne, kuma sai ta sha wuya kafin in sake buɗe mata cikina. Amma ita wuni ta yi a ƙasan nan tana saurarona. Kai daga bakin ƙofa kake tambaya, makullin mota a hannu. Me zan ce maka in ba Alhamdu lillahi ba?"

Ya dubi makullin da ke hannunsa, ya ajiye shi a kan tebur. A hankali ya zame ya zauna a ƙasa, kusa da Malama.

"Umma..." ya ce. "Yaya gidan?"

Umma ta miƙa hannu ta kashe rediyon.