An Ɗauki Layi An Bar Waya

Da hantsi mai gidan haya ya ɓalle ƙofar, ya tarar da mai ɗinki a yashe gefen kekenta, an shaƙe ta da igiyar awo. Sajan ya iso ya duba. Wayarta na kan tebur, sabuwa fil, amma an zare layin.

Ya fara da mai gidan.

"Ranka ya daɗe, da wannan gwiwar? Matakalar ma sai an riƙe ni."

Sajan ya kalli ƙafar a kumbure, ya sallame shi. Mai gyaran waya na ƙasan bene ya ce, "Yallaɓai, ɓarawo waya yake ɗauka ya yar da layi. Wannan kuwa layin ya zo nema."

A dangi, yayar mai ɗinkin ce kaɗai ta san ɗakin. Tana kuka ta ce mijin ne ya karya wa ƙanwarta hannu, shi ya sa ta gudo.

"Ko mahaifiyarmu ban gaya wa ba. Na sa ta canza waya, na sa ta canza unguwa."

"Layin fa?"

"Ta ce masu kawo ɗinki shi suka sani."

"Wa ya yi masa rajista?"

Ta dafe kai.

Mijin ya zo caji ofis da farar riga, har da hawaye.

"Tunda ta bar gidana ban san inda take ba."

Sajan ya bar shi a zaune. Ya haura ɗakin bin diddigin layuka, wurin kofur mai na'ura, ya ba shi lambar.

"Ai na san ta, Oga. Mai layin ya zo da kansa, ya ce an sace masa waya. Ya ɗora yatsa, na'ura ta amsa. Na nuna masa titi da bene."

"Ka tambaye shi a hannun wa take?"

"Doka ba ta ce in tambaya ba. Cewa ta yi a nemo wa mai layi layinsa."

Sajan ya sauko ya zauna gaban mijin.

"Da sunanka aka yi rajistar layin, da yatsanka. Ka yi ƙaryar sata, muka kai ka har bakin ƙofarta. Ka zare layin don kada a ga sunanka. Da ka haɗa da wayar ka tafi, da yanzu ɓarawo nake nema."

Hawayen suka tsaya. Mijin ya ce, "Layina ne ai."

Aka rufe shi. Sajan ya nemi a dakatar da bin layi sai an yi bincike. Shugabansa ya ce umarni daga sama yake.

Da Sajan zai fita ya ga maza a jere bakin ɗakin na'ura, kowa wai wayarsa ta ɓata. Ya bi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, bai iya gane wanda da gaske waya yake nema ba.

Kofur ya leƙo ya ce, "Na gaba!"